Ranakun da Na Sa Mata Hannu

Shekara goma sha ɗaya muka yi da ita a tebur ɗaya, tana riƙe da kai biyu na zanin gado, ina riƙe da biyu. Kamfanin wanki ne, irin wanda otal-otal da asibitoci ke kawo wa kaya a manyan buhuna. Injinan wanki shida ne a jere ta baya, na busarwa huɗu, sai doguwar na'urar guga da muke kira Mesa, don tana haɗiye zani ta wancan baki ta tofo shi ta wannan da zafinsa. Mu ne a bakin tofowa. Mai Ninki ake ce mata. Ni kuma Yaya take ce mini, na girme ta da shekara tara.

Ba ta da magana, shi ya sa muka shirya. Ni na gaji da masu magana tun ina yarinya. Mahaifinta magini ne, ya rasu tana aji biyu na sakandare, daga nan karatu ya tsaya. Tana iya karanta takarda a hankali, da yatsa a kan layi. Sa hannunta harafi ɗaya ne da ja a ƙasa, ko ɗan firamare zai iya kwaikwaya. Tafin hannunta ya mutu da zafi, tana iya ɗaukar zani kai tsaye daga bakin Mesa ba ta yarfe hannu ba. Idan kin zo da ciwon baya ba za ta ce miki sannu ba, sai dai ki ga kwandon da ke gabanki ya koma gabanta.

Shekararta ta uku a wurin ta yi aure. Mijin ma'aikacin ofis ne, kullum da biro uku a aljihun gaba, sai muka sa masa Mai Biro. Ba zan ɗora masa abin da bai yi ba: bai taɓa dukanta ba, ba ya shaye-shaye. Baki dai Allah ya ba shi. Idan ya yi miki bayanin yunwa sai ki ji kamar kin ƙoshi. Kuma ba ya yar da takarda, ko ta sayen ƙwan lantarki ce sai ya huda ta ya sa a fayil.

Fili nasa ne, da sunansa. Ɗaki biyu da falo da suka tsaya a kai kuwa, na ga yadda aka yi su. Duk ranar Lahadi ita ke jidar bulo da ruwa, ta iya kwaɓa siminti tun a wurin mahaifinta. Kwanon rufi da ƙofofi daga albashinta suka fito. Shi ke zuwa saye, saboda ya fi ta iya ciniki, rasit ya fito da sunansa.

'Ya ɗaya suka samu. Ita ce ta fari, ita ce auta, uwar tana kiranta Autata. Haihuwar ta zo da wahala, kuma da yarinyar ta fara tafiya aka lura dunduniyarta ta hagu ba ta taɓa ƙasa, a kan yatsu take takawa. Likita ya ce jijiyar ce ke tsukewa. Magani shi ne gashin ƙashi a asibiti duk Talata da Alhamis da ƙarfe sha ɗaya, sannan a gida a kwantar da ita a tabarma safe da yamma, a riƙe gwiwa, a danna tafin ƙafar sama har a ƙirga talatin, sau goma. Da zafi. In an bari kuwa, jijiyar ta koma inda ta fito.

To, kamfaninmu ba ya ba da izinin fita tsakar rana. A bakin ƙofa akwai littafi wurin mai gadi, a sa hannu ƙarfe bakwai, a sa sha biyu bayan hutu, a sa biyar. Layi uku babu hannunki a wata, kin kori kanki. Saboda haka tun kafin in zo wurin, mata suka samo dabara, muna ce mata riƙon layi. Mai uzuri ta sulale ta ƙofar baya inda mota ke lodi, abokiyar teburinta ta sa mata hannun sha biyu. Mai gadi yakan ga abin sha'awa a sama daidai lokacin. Babu wadda ba a taɓa riƙe wa layi ba a cikinmu, har da mai kula da mu kafin a ƙara mata girma.

Ni na riƙe wa Mai Ninki layi shekara huɗu, Talata da Alhamis. Ta fita goma da rabi, ta ɗauko yarinyar daga makaranta, ta goya ta zuwa tasha, ta dawo ƙarfe biyu da gumi har cikin takalmi. Ba ta taɓa ce mini na gode ba. Duk Asabar dai ita ke shiga ɗakin bilic, sinadarin da ke sa zani fari, a madadina, inda ido ke yaji, ƙirji ya yi nauyi. Da yarinyar ta kai shekara bakwai, dunduniyar ta sauka. Ranar ta zo da ita kamfani bayan an tashi, ta tsayar da ita a kan siminti, ta tura takarda ƙarƙashin ƙafar, takardar ta ƙi shiga.

“Kin gani, Yaya?”

Na ce na gani. Iyakar bikin ke nan.

Katin asibitin na inshorar wurin aikin Mai Biro ne. Duk zuwa sai a buga wata 'yar takarda mai ɗauke da kwanan wata da sunan mai kati, wato shi. Ita kuma duk dawowa sai ta miƙa masa, tunda shi ne mai ajiya.

Ban san abin da ya kashe auren ba, ita ma ban ga alamar ta sani ba. Babu wata mace, babu faɗa. Zama ne ya ƙi, ya ce ya gaji da matar da ke warin bilic, ba ta iya hira ba. Aka zauna a falon da ta yi wa yaɓe, da kawunsa da yayanta. Mai Biro ya fito da takarda da ya riga ya buga, cewa ba ta da haƙƙi a gidan, ba za ta nema ba har abada. Ya ce in ta sa hannu an rabu lafiya, yarinya kuma tata ce, wa zai raba 'ya da uwa. Ta sa harafinta, ta ja layi.

Washegari take ba ni labari muna ninki.

Na ce, “Maganar yarinyar tana cikin takardar?”

“Ya faɗa a gaban kawunsa, Yaya.”

“Na ce tana cikin takardar?”

“Gidan kawai aka rubuta.”

“Ke, mutumin da ke ajiye rasit ɗin ƙwan lantarki, ya bar 'yarsa a fatar baki, ba ki ce komai ba?”

Ta kama kan zani ta miƙo mini. “Ni ba bulo nake so ba.”

Ta kama ɗaki ɗaya bayan wani shagon walda kusa da kamfani, banɗaki na haɗaka da gida biyar. Katifa, tabarma, risho, da akwatin kayan yarinyar. Wata biyar suna nan lafiya. A cikin wata biyar ɗin uwar Mai Biro ta tare a gidansa, ta ga ɗaki babu kowa, ta fara cewa jikarta tana kwana cikin ƙarar guduma. A wata na biyar ya ce wannan karon shi zai kai yarinyar asibiti, ya kai ta sau biyu, ya ɗauki hoto da ita a kan benci. Mai Ninki har daɗi ta ji. Bayan mako guda sammaci ya zo.

Na raka ta ofishin lauyoyin da ke taimakon marasa hali. Lauyar da aka ba mu yarinya ce mai kirki, fayil sun kai arba'in a teburinta, tana cin burodi tana karatu. Ta juyo mana da abin da lauyan Mai Biro ya shigar. Na farko, kwafin littafin bakin ƙofarmu, wanda kotu ta sa kamfani ya bayar: bakwai zuwa biyar, kwana shida a mako, shekara huɗu, babu layi ɗaya da ya faɗi. Na biyu, takardun asibiti sama da ɗari uku, a jere, a hude, kowacce da sunansa. Na uku, takardar gida. Abin da takardun ke faɗa a fili yake: uwa ba ta gida, ba ta da muhalli, uba ne ke jinyar ƙafa.

Lauya ta ce, “Ke me kike da shi a rubuce?”

Mai Ninki ta dubi hannunta.

“Wadda ke yi wa yarinyar gashi fa? Ta san ki ai.”

Ta san ta kamar yunwar cikinta, amma ta bar aiki bara, ta tafi wata ƙasa. Waɗanda suka biyo baya ɗalibai ne, duk wata biyu a canza su. Asibiti kuma ya amsa wasiƙar lauya da layi biyu, cewa abin da ke cikin kundinsu shi suka sani. Kawun Mai Biro ya ce shi ya tsufa, ba ya tuna kalma da kalma. Yayanta kuwa ɗan'uwa ne, kowa ya san abin da zai ce.

Lauya ta ajiye burodin. “Saura wanda ya san ba ta wurin aiki a waɗannan ranaku.”

Ba ta dube ni ba, amma mu uku ne a ɗakin.

A hanya Mai Ninki ta ce, “Kada ki je, Yaya. 'Ya'yanki huɗu, mijinki ba lafiya. Korarki za su yi.”

“Wa ya tambaye ki?”

Na nemi mata biyu a layinmu su zo mu tafi tare. Ɗaya ta ce ita ba ta taɓa ganin komai ba, teburinta bango yake kallo. Ɗayar ta ce, “Yaya, in kika fasa wannan ƙwai, duk mu zai yi wa wari.” Mai gadi ya ce shi idonsa ya daɗe da samun matsala. Ban zage su ba. Kowa da bakin da yake ciyarwa.

Ɗakin kotun ƙarami ne, fanka ɗaya, benci huɗu. Alƙalin dattijo ne mai tabarau, ba shi da mugun fuska. Na yi rantsuwa, lauyarmu ta tambaye ni, na faɗi abin da na sani, ban ƙara ko gishiri ba. Sai lauyan Mai Biro ya tashi, ya kawo mini kwafin littafin, ya ɗora yatsa a wani layi.

“Baba, wannan hannun na wa ne?”

“Nawa ne. Kuma ban haife ka ba.”

Aka yi 'yar dariya. Shi ma ya yi.

“To, Yaya. Amma sunan da ke gefen ba naki ba ne.”

“Nata ne.”

“Wato kin sa hannun da ba naki ba, don shugabanninki su ɗauka tana nan alhali ba ta nan.”

“Don ta kai 'yarta asibiti.”

“Ban tambayi dalili ba. Me ake kiran wannan a wurinku? A wurinmu ƙarya ake cewa.”

“Riƙon layi muke cewa.”

“Sau nawa kika riƙe?”

Na ce ban ƙirga ba. Ya ce shi ya ƙirga mini, in maganata gaskiya ce, ya haura sau ɗari uku.

“Sau ɗari uku kin yi ƙarya da biro saboda ƙawarki. Yau kin zo ki taimake ta da baki. Ta yaya mai shari'a zai gane ta yau ba ta ɗari uku da ɗaya ba ce?”

Ni da ba a taɓa rufe mini baki a kamfani ba, har manaja, yau an kama ni. In na ce ni mai gaskiya ce, littafin ya zama gaskiya, ba ta taɓa fita ba. In na ce littafin ƙarya ne, ni na rubuta shi. Na ce, “A duba ƙafar yarinyar. Ai takarda ba ta danna ƙafa.”

“Ƙafa ta yi kyau, mun gode Allah,” in ji shi, “kuma ga takardun wanda ya yi ɗawainiya.”

Alƙali ya sa aka kai masa yarinyar ofishinsa. Ya tambaye ta wa ke kai ta asibiti, ta ce Mama. Ya ce Baba fa, ta ce shi ma ya kai ta, har ya saya mata alawa. Duka biyun gaskiya ne. Da aka tambayi Mai Ninki ko tana da abin cewa, ta miƙe ta ce, “Ni ce nake kai ta.” Aka jira ta ci gaba. Ta zauna.

Bayan mako uku aka yanke. Alƙali ya ce ba ya shakkar uwa tana son 'yarta, amma shi da abin da aka tabbatar a gabansa yake aiki. Uba yana da gida mai ɗaki na yarinya, da kaka a gida duk yini, da katin asibiti. Uwa tana da ɗaki ɗaya bayan shagon walda da aikin awa goma. Riƙo ya koma wurin uba. Uwa za ta ɗauke ta Lahadi ɗaya cikin biyu, daga goma na safe zuwa huɗu na yamma. Lauya ta ce ana iya ɗaukaka ƙara, amma da wace sabuwar hujja, kuma shekara nawa.

A kamfani aka dakatar da ni mako biyu, aka ba mu takardar gargaɗi na ƙarshe ni da ita. Ba a kore mu ba, don babu masu saurinmu a bakin Mesa. Kafin in dawo an ɗauke littafi, an kafa na'urar da ake danna wa babban yatsa. Riƙon layi ya mutu. Matar da ke zuwa shayar da jariri ta daina, wadda ke kai mahaifinta wankin ƙoda ta ajiye aiki. Har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata, kuma ban ce ba su da gaskiya ba.

Ranar miƙa yarinya na raka ta. Ta tsaya a ƙofar da ta saya, ta ce wa surukarta tana so ta nuna mata yadda ake danna ƙafar, minti biyar kawai. Tsohuwar ta ce ta raini 'ya'ya bakwai, babu wanda ya koya mata riƙon yaro. Mai Biro ya ce kada ta damu, yana da takardar bayanin da asibiti suka bayar, tana cikin fayil.

Ba zan ce ba ya kai ta asibiti ba. Yana kaiwa in aiki ya bari, sau ɗaya a mako biyu, wani lokaci a mako uku. Dannawar gida ce babu. Kaka ta gwada sau ɗaya, yarinya ta yi ƙara, ta ce ita ba za ta azabtar da jikarta da hannunta ba. A wata na uku dunduniyar ta ɗaga, yatsa ɗaya na shiga ƙarƙashi. A wata na shida, biyu.

Saboda haka duk Lahadin da ta samu, Mai Ninki takan shimfiɗa tabarma. Abin da ya kamata a yi sau ashirin da takwas a mako biyu, take son ta biya a yini ɗaya, a jijiyar da ta riga ta ƙage. Yarinyar da da take ƙirga talatin da bakinta tana dariya, yanzu tun daga biyar take ihu har mai walda ya leƙo. Ta koma gidan uba ido a kumbure. Mai Biro ya kira ya ce yarinya ta fara cewa ba ta son zuwa, ya rubuta ranakun da ta dawo da kuka, in aka ƙara zai koma kotu a rage ziyarar. Daga nan ni nake zuwa ɗauko ta, don su biyun ba sa iya haɗa ido.

Lahadin da ta wuce na ɗauko ta. Mun sauka a mota, tana tafe tana ɗingishi a kan yatsu, tana ba ni labarin wata 'yar ajinsu mai cin alli. Da muka shiga ɗakin ta ga tabarma a shimfiɗe, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙyaure.

“Mama, yau kada a yi.”

“Kaɗan za mu yi, Autata. Biyar kawai.”

“Kaka ta ce in ba na so ba dole. Ta ce in kin matsa mini in faɗa wa Baba.”

Mai Ninki tana durƙushe a gefen tabarmar. Ta ɗago ta dube ni.

“Yaya, ya zan yi?”

Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa tambayata haka ba. Na san in ta danna, wata mai zuwa ba za ta ga yarinyar ba. Na san in ba ta danna ba, nan da shekara sai dai wuƙar likita, in ma an samu mai kai ta. Na ce mata bari in ɗora ruwan shayi.

Da na juyo ta naɗe tabarmar ta jingine bayan ƙofa. Suka sha shayi da burodi, ta tsefe mata kai ta yi mata sabon kitso, suka yi wasan ɓoye dutse a tafin hannu, yarinyar tana cinye ta tana ƙyalƙyala dariya. Bayan azahar barci ya ɗauke ta a kan katifa. Uwar ta matsa, ta ɗauki ƙafar ta ɗora a cinyarta, ta sa tafin hannu ta danna a hankali yadda ba za ta farka ba. Ni da ita duk mun san dannawar da ba ta tayar da yaro daga barci ba ta kai jijiya ba. Leɓenta na motsi, ta ƙirga talatin, ta sake, ta ƙara.

Uku da rabi muka tashe ta. Uwar ta raka mu tasha, yarinyar a tsakiyarmu, kowa riƙe da hannu ɗaya. Da mota ta tsaya, ta rungume ƙugun uwar.

“Yau na ji daɗi, Mama. Kullum a riƙa yin haka.”

Mai Ninki ta gyara mata wuyan riga.

“To,” ta ce.